Taku Ɗaya, Shekara Tara

Tun da na sauka daga aikin Hajji, duk wanda ya zo yi mini barka sai ya karɓi dabinonsa da zamzam, ya gyara zama, ya ce, "To Alhaji Bala, yaya Madina?" Na ba da labarin koren kubba da dutsen Uhudu har bakina ya gaji. Amma abokan aikina na kwalejin horar da malamai, da yake sun san ni da surutu, sun lura akwai kwana ɗaya da nake tsallakewa. To ga shi a rubuce har da ranar, kowa ya karanta ya ƙyale ni in sha iska.

Ni malamin wasannin motsa jiki ne a Zariya. Ina saurayi gwamnatin jiharmu ta tura ni karatu wata ƙaramar kwaleji a kudancin ƙasar Amurka. A can kocinsu ya ga yadda nake buga tamaula da gefen ƙafa, ya sa ni cikin 'yan wasan ƙwallon Amurka, wannan mai kama da gwanda da ake yi da hular kwano. Aikina bugu kawai. Abokin ɗakina wani baƙar fata ne, ƙato, sunansa Moses. A wasanmu na ƙarshe na cuce shi, na bar shi da kunyar da tawa ce, na hau jirgi na dawo gida ban faɗa masa ba. Bayan shekara bakwai sai ga wasiƙarsa: ya musulunta, sunansa yanzu Musa, yana karatu a Madina. Shekara biyu wasiƙar na cikin akwatina ban amsa ba. Da kujera ta fito, na zaga dangi da maƙwabta neman gafara kamar yadda aka saba, kowa ya ce ya yafe, amma ni na san babban hakkin yana gabana.

Tare muka tafi da Kawu Ilu, ƙanen mahaifiyata, tsohon gadin jirgin ƙasa, mutumin da bai taɓa ganin abu ya yi shiru ba. Kwana uku muka yi a sansanin alhazai na Kano muna jiran jirgi. Kullum sai a ce gobe. Kawu ya ce, "Mu a reluwe in jirgi ya makara, ko ba komai ana jin kukansa daga nesa. Wannan kuwa sai dai a yi ta kallon sama kamar masu duban wata."

A Jidda ma'aikacin kwastan ya buɗe jakar Kawu, ya ture kuka da yaji, ya ɗauko wani gwangwani ya ɓalle murfin, ya kai hanci. Daddawa ce. Bawan Allah ya ja da baya har ya kusa faɗawa kan kujera, yana ta Larabci da ƙarfi. Ni Larabcina na salla ne, Kawu kuwa ko wannan sai a hankali. Muna tsaye cirko-cirko sai wani baƙin mutum da farar jallabiya da ɗan kwali irin nasu ya leƙo daga teburin gefe, ya ce da Hausa, "Baba, rufe, rufe, wallahi ka kashe mu. Halas, ku wuce." Ashe kakansa Bakatsine ne da ya zo Hajji a ƙafa bai koma ba. Shi ne na farko cikin irinsu da muka yi ta gamuwa da su, 'yan ƙasa ne sosai, amma in sun ji warin daddawa sun san ko mene ne.

Aka karɓe fasfunanmu, aka zuba mu a bas bayan asuba, kaya a sama. Zafin hanyar nan ban taɓa jin irinsa ba. In ka buɗe taga iskar ta gasa ka, in ka rufe ka dahu. Da azahar motar ta fara tururi, direba ya gangara da mu wata rumfar shayi a Badar, ya ce sai inji ya huce. Aka kawo shinkafa da soyayyen kifi, sannan shayi a wani ɗan kofi da bai fi babban yatsa ba. Kawu ya ɗaga shi ya duba, ya ce, "Bala, tambaye su, na sha ne ko na ɗigawa a ido?"

A kan gadon igiya na rumfar nan Kawu ya ritsa ni. Ya ce tun daga Kano ya ga ba ni da sukuni, in faɗa masa abin da ke cina. Sai na kwashe na gaya masa, amma sai da na fara koya masa wasan tukuna.

Na ce kowane ɓangare mutum goma sha ɗaya ne. Masu riƙe da ƙwallo dole aƙalla bakwai su jeru a layi ɗaya, sauran su tsaya a baya. In za a jefa ƙwallo gaba, ba kowa ke da izinin cafewa ba. Na baya suna da izini, sai mutum biyu da suke ƙarshen layi, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Na tsakiya katanga ne kawai, aikinsu tare abokan gaba da ƙirji. A wasan kwaleji ma har lamba ake ba su, daga hamsin zuwa saba'in da tara, kuma mai irin wannan lamba ko ina ya tsaya bai isa ya cafe ba.

"Wato ƙarti biyar ana ta dukansu a kan abin da aka hana su taɓawa?" in ji Kawu. "Ai mu ma haka ne. Mai zuba gawayi ya sha wuta, gadi ya busa usur."

Na ce to Moses mai zuba gawayi ne. Shekara huɗu yana tsakiyar layi, bai taɓa riƙe ƙwallo a wasa ba. Don wasansa na ƙarshe koci ya shirya wata dabara da muka yi sati uku muna gwadawa a ɓoye. Za a sauya wa Moses riga zuwa mai lamba tamanin da wani abu, a tsayar da shi a ƙarshen layi ta dama. Mu fito kamar zan yi bugu. Sai wanda ke kafa mini ƙwallo ya miƙe tsaye, ni kuma in ruga can gefen fili ta dama don in ja mutum ɗaya ya bi ni, in tsaya taku ɗaya bayan layi. Babu wanda zai kula da Moses, don kowa ya san shi da tare hanya. Sai ya sulale, a jefa masa.

Ranar ta zo. Suna gabanmu da maki uku, lokaci ya kusa ƙarewa, kowa ya ɗauka bugu zan yi a tashi kunnen doki. Mahaifiyar Moses tana cikin 'yan kallo, ta yi tafiyar awa shida a bas. Matar nan duk hutu a gidanta nake yi, tukunya daban ta ware mini don kada naman alade ya taɓa abincina. Komai ya tafi daidai, Moses ya cafe a bayan layin ci, fili ya ɗauki ihu. Sai ga ƙyalle rawaya a ƙasa, alamar an yi laifi. Alƙalin wasa ya nuna Moses, ya ce ba shi da izinin cafewa. Aka soke, muka sha kaye.

"To ina laifinka?"

"Kawu, ban tsaya a baya ba. Na yi taku ɗaya na hau layin. Da na hau, ni na zama na ƙarshe, shi ya koma na tsakiya. Alƙalin gefe da ke kusa da ni ya ce mini a hankali, 'Yaro, ka rufe abokinka.' Ni kaɗai na ji. Shi kuwa Moses ɗoki ya sa ya manta ya sanar da alƙali cewa ya sauya riga, sai ya ɗauka wannan ne dalili. Garin duka haka suka ɗauka. Koci aka sallame shi a satin, ni kuma na ja bakina."

Kawu ya kurɓe shayinsa a baki ɗaya. Ya ce, "Ka zaga Zariya kana neman gafarar mai wanki da mai nama, ashe ka bar giwa a ƙetare. Kwana takwas gare mu a Madina. In ba ka nemo shi ba, ni zan nemo shi."

Muka shiga Madina da la'asar sakaliya, bayan an tsayar da mu a shingen shiga gari an duba takardun direba. Masaukinmu wani tsohon gidan dutse ne a lungu, mu takwas a ɗaki, fanka ɗaya tana juyi kamar an roƙe ta. Da safe wake ne da aka dama da mai, da wani faffaɗan burodi mai zafi da suke kira tamis. Kwana biyu Kawu yana zaginsa, a na uku ya fara aike na in ƙaro. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne masu kanti. Ana kiran salla sai mutum ya yafa ƙyalle a kan agoguna da zinariya ya yi tafiyarsa. Na ce da Kawu ya kwatanta haka a kasuwar Sabon Gari, ya ce ai ko ƙyallen ba za a tarar ba.

Ranar da na fara tsayuwa gaban kabarin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, duk addu'ar da na haddace ta gudu. Kuka kawai na yi, ni da nake ganin kaina jarumi. Amma ba zan ɓoye ba, kwana huɗu na yi ina fakewa da salloli arba'in don kada in je neman Musa. Tsoro nake ji. Wannan mutum na taɓa ganin ya ɗaga bayan ƙaramar mota don a ciro taya. Ba ma dukan nake tsoro ba, idonsa nake tsoro.

A rana ta biyar Kawu ya tasa ni gaba har makarantarsu. Mai gadi ya ce ana hutu, ɗalibai sun watse. Allah ya gafarta mini, sanyi na ji a raina. Na ce, "Kawu, ka ga dai na yi iya yina." Ya harare ni.

Washegari muka je ziyara Uhudu. A cikin masu rumfuna akwai wata dattijuwa baƙa tana sayar da lalle da tasbaha. Kawu ya ji tana yi wa wata faɗa da Hausa, sai ya tsuguna suka gaisa. Iyayenta mutanen Damagaram ne, ita a nan aka haife ta. Ban ankara ba na ji yana tambayarta ko ta san wani Ba'amurke baƙi, ƙato, ɗalibi.

"Musa Amriki? Mai ɗaukar buhu biyu a kafaɗa ɗaya? Kowa ya san shi, ya Hajji. In an yi ijaza, hutun makaranta, yana shugul, yana aiki a mazra'ar Ammu Haruna, wajen masallacin Ƙiblatain. Ku hau sayyara ku ce gonar Haruna Takari, za a kai ku."

Kawu ya juyo ya dube ni yana murmushin mugunta. Ya ce, "Iya yinka ke nan, ga iya yina."

Ranar bakwai da hantsi muka isa gonar. Lokacin yankan dabino ne, ko'ina nonnan dabino a shimfiɗe kan tabarmi. Baba Haruna tsoho ne siriri mai farin gemu, mahaifinsa Bakano. Ya tarbe mu da "Ahlan, ahlan, tafaddalu, sannunku da rana." Muna cikin gaisawa sai ga mutum ya ɓullo daga cikin itatuwa da kwando a ka. Ya tara gemu, ya ƙara faɗi. Ya ajiye kwandon, ya tsaya yana kallona, sai ya kwarma ihu ya rugo ya ɗaga ni sama cak, hulata ta yi nata wuri. Kawu ya matso kunnena ya ce, "Wannan ka cuta? Lallai kana da ƙarfin hali."

Musa bai tambaye ni dalilin rashin amsa wasiƙa ba. Ya yi ta murna yana nuna ni ga ma'aikata. Ya ce ganin da yake yi mini ina salla a ɗaki ne ya fara sa shi tambaya, kuma da ya zo Madina mutanen Baba Haruna suka ɗauka nasu ne, suna yi masa Hausa, har ya iya gaisuwa. Kowace kalma tasa ƙara mini nauyi take yi. Bayan azahar aka kawo shinkafa da naman rago a faranti guda, muka ci a inuwa, aka biyo da ɗanyen dabino da gahawa mai ɗaci.

Baba Haruna ne ya jawo maganar. Ya ce, "Ya waladi, kullum Musa sai ya ce mini ya yi kura, wato ƙwallo, a Amrika, amma wai da hannu. Ni ban fahimta ba. Kai da kake jin Hausa, fassara mini."

Musa ya yi dariya, ya tattaro ƙwallayen dabinon da muka tofar, ya jera bakwai a kan tabarma, huɗu a baya. Yana bayani da Turanci, ina mayarwa Hausa. Ya ɗauki mafi girma ya sa a ƙarshen layi ya ce shi ne wannan. Ya ɗauki wani ɗan siriri ya kai can gefe, ya ajiye shi a baya kaɗan, ya ce ni ne. Ya nuna yadda aka jefa, da yadda aka soke. Ya ce, "Dabara ce mai kyau, kowa ya yi aikinsa. Ni ne sakaran da ya manta ya gaya wa alƙali ya sauya riga." Yana dariya ya faɗa, irin dariyar wanda ya saba faɗin abu don kada wani ya riga shi.

Ban fassara wannan ba. Kawu ya zuba mini ido. Na miƙa yatsa, na tura ɗan siririn ƙwallon nan gaba har ya yi daidai da layin.

Na ce, "Musa, nan na tsaya."

Ya dubi tabarmar. Ɗan wasa ne, bai buƙaci bayani ba. Dariyar ta bar fuskarsa a hankali. Na gaya masa abin da alƙalin gefe ya ce mini, da yadda na zauna kusa da shi a ɗakin sauya kaya yana kuka ban buɗe baki ba. Na ce na zo neman gafara ne, in ya hana ni ma yana da gaskiya.

Musa ya ɗago kai ya dube ni. Sannan ya ce, "Sati uku muna gwadawa, ba ka taɓa kuskure ba. Me ya kai ka?"

Na faɗa masa gaskiya, duk da ba ta da daɗin ji. Da na isa gefen fili, ihu ya cika mini kai, komai ya ɓace mini. Na waiga hagu na ga mutane a jere kafaɗa da kafaɗa, ni kaɗai a baya. Tun ina ɗan shekara bakwai, in na tsaya haka a masallaci sai wani babba ya jawo ni ya ce in cika sahu. Ƙafata ce ta tafi da kanta, har na duba yatsuna na daidaita su da na sauran.

Da na mayar wa dattawan da Hausa, Baba Haruna ya fashe da dariya har da tari, yana cewa, "La ilaha illallah! Sahu ya gyara!" Da ya ga fuskar Musa sai ya haɗiye sauran.

Musa ya ce, "Na yafe maka takun. Kowa na iya yin sa. Shirun ne zai ɗauke ni lokaci, amma shi ma na yafe, don ina son a yafe mini." Ya juya babban ƙwallon dabinon a tafinsa. "Mama ta rasu bara. Shekara takwas in an tsokane ni a unguwa, ita ke fitowa ta ce ɗanta mantuwa ya yi, ba sakarci ba. Ta tafi tana zaton ni na ɓata. Kuma ko a asibiti sai da ta tambaye ni, yaron nan na Afirka, yana samun abinci kuwa?"

Wannan ta fi mini duka ciwo. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Na sunkuyar da kai ina hawaye a gaban mutane, Kawu da bakinsa bai taɓa mutuwa ba ya koma jan tasbaha.

Can sai Musa ya taɓa gwiwata. Ya ce, "Akwai abin da nake so. Tun ranar nan kowa maganar ƙyalle rawaya yake yi mini. Ni ban ga komai ba, ƙwallo kawai na gani tana zuwa. Kai kana gefe, ka fi kowa gani. Yaya cafewar ta kasance?"

Na share fuska na gaya masa. An jefa ta da tsayi fiye da yadda muka saba, kuma ta jiƙe da ruwan sama. Mutum biyu sun farga a makare sun rufo shi. Ya yi tsalle, shi da ko igiya ba ya iya tsallakewa a wajen gwaji, ya kai hannu biyu sama da kawunansu, ta zauna a yatsunsa. Suka buge shi a iska, ya faɗo da baya, bai sake ta ba. Na ce a shekara huɗu da na yi a ƙasarsu ban ga wadda ta fi ta ba, kuma ba don ina neman gafara na faɗa ba. Na ce na hango mamarsa ta hau kan benci da takalminta a hannu tana kiran sunansa.

Ya rufe ido. Ya ce, "Ta hau benci?"

"Ta hau."

"Faɗa wa su Baba da Hausa," in ji shi. "Kada ka rage komai. In ka gama ka sake faɗa mini."